Wa Ke Zuwa Jajen Mage?



Idan saniyar mutum ta faɗi ta mutu da safe, kafin azahar zauren gidansa ya cika. Wannan ya shigo ya ce, "Ashe abin da ya faru ke nan? Allah ya mayar da alheri." Wancan ya zauna ya fara tambaya: leda ta ci, ko maciji ne ya sare ta a wajen kiwo, ko kuwa ciwon nan ne da ya shigo gari? Ko akuya ce ta faɗa rijiya, sai ka ga mata suna leƙowa ta katanga suna yi wa matar gida sannu. Kai, ko kaji ne cuta ta shiga akurkinsu ta share, ba za a rasa mai cewa "Allah ya tsayar nan" ba.

To amma a ce kyanwar gida ce ta mutu, wadda ta shekara goma tana kwana a ƙarƙashin gadon tsohuwa, wa ke zuwa? Ba kowa. In ma labarin ya fita, abin da mai ita zai ji bai wuce, "Mage ce fa!" Mai ɗan sauran tausayi ya ce, "Bari tamu ta haihu a kawo miki wata." Shi ke nan an rufe magana. A ba yaro gawar a leda ya kai juji, a wanke kaskon da take cin abinci a ajiye wa kaji.

Maganar da na kawo muku yau ke nan. Na san tun ban yi nisa ba wani ya fara tsaki yana laluben wata tashar rediyo. Ka ɗan dakata, Malam, zan zo kanka.

Mu fara da tambayar me ya sa saniya ke da jaje, kyanwa ba ta da shi. Amsar ba ta da wuya. Saniya tana da farashi a kara. Akuya ana sayar da ita a biya kuɗin makaranta ko a yi wa yarinya kayan ɗaki. Kyanwa kuwa ba mu cin ta, ba mu tatsar ta, ba a lissafa ta a rabon gado. A al'adarmu ma ba sayen ta ake yi ba, roƙo ake yi wajen maƙwabta a ɗauko 'yar jaririya a kwando, sai dai a 'yan shekarun nan da masu hali suka fara sayen masu dogon gashin nan na ƙasashen waje. Ashe ke nan jajen da muke yi wa mai dabba na dukiyar da ya rasa ne. Sabon da ya yi da ita ba mu sa shi a lissafi ba. Alhali mu ne masu cewa sabo ake yi wa kuka.

Kuma kada wani ya ce mini son dabba baƙon abu ne da ya shigo mana ta waya. Wane gida ne ba a taɓa samun yaron da ya ƙi cin naman Salla ba, saboda ragon da ya yi wata uku yana ba shi dusa da harawa shi ne aka kayar? Bafulatani ya san shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya kira wadda yake so ta baro garke ta zo. Mai doki kuwa, in dokinsa ya kwanta ciwo, a bargar yake kwana. Duk mun san wannan, ba ma yi musu dariya. Kyanwa ce dai muka ware. Mun yi mata kirari da mai kwanciyar ɗaukar rai, mun ɗauki sunanta mun laƙaba wa mutumin da ba ya cizo ba ya yakushi, in baƙa ce ma wasu su ce mayya ce ko aljana a jefe ta. Amma mu yarda cewa mutum zai iya kewarta, nan ne muka tsaya.

Ku duba su wane ne suka fi shaƙuwa da kyanwa a gidajenmu. Ba mai gidan da ke fita tun safe sai dare ba ne. Tsohuwa ce da 'ya'ya suka watse, kowa yana garin da yake aiki. Amarya ce da aka kai wani gari inda ba ta san kowa ba, miji ya fita ya bar ta da bango huɗu. Yaro ne mara yawan magana wanda 'yan'uwansa ba sa ja a wasa. Mai gadi ne, da mai shagon hatsi da ya ɗauko ta don ɓeraye, ya wayi gari yana rage mata kan kifi daga abincinsa. Wato galibi waɗanda muryarsu ba ta da ƙarfi a gida. Su ne take goga wa jiki a ƙafa in sun tashi da asuba, su ne take haye wa cinya tana wannan gurnanin nata na jin daɗi. In ta mutu, abin da suka rasa yana da yawa: an cire wani abu daga safiyarsu, da rana, da darensu. Hannu ya saba gutsuro loma ya miƙa ƙasa, sai a miƙa a ga ba mai karɓa.

A shekarar 1989 wani masani ɗan Amurka mai suna Kenneth Doka ya fitar da littafi a kan irin baƙin cikin da jama'a ba su ba mai shi damar nunawa ba. Irinsa ne na matar da ta yi ɓari aka ce ai ba a haifa ba, da na mutumin da matar da suka rabu tuntuni ta rasu, da na wanda dabbarsa ta mutu. Abin da ya lura da shi shi ne, rashin da ba a yi maka sannu a kansa ba ya fi daɗewa yana cin rai, don ga ciwon rashin, ga kuma kunyar a gane kana jin sa. Mu ba sai an rubuta mana littafi ba. Mun san amfanin gaisuwa, shi ya sa muke rufe shago mu tafi.

Yanzu ga mai tambayar ko addini ya yarda. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, akwai labarin sahabi Abu Ƙatada. Matar ɗansa, Kabsha, ta zuba masa ruwan alwala, sai ga kyanwa ta zo za ta sha. Bai kore ta ba, karkata mata ƙwaryar ya yi har ta ƙoshi. Da ya ga surukar tasa tana kallon sa da mamaki, sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Kun ji inda aka ajiye ta: cikin 'yan gida. Kowa kuma ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba, yana cikin Buhari da Muslim. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma, da 'yar kyanwar da yake ɗauka ake yi masa alkunya, Abu Huraira, har mutane da yawa ba su san sunansa na yanka ba. A nan bari in ɗan ratse: labarin nan da ke yawo a waya, wai Annabi ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashi wata kyanwa mai suna Mu'izza daga barci, malaman hadisi ba su samo masa tushe ba. Ingantattun sun ishe mu, ba sai mun yi ƙari ba.

Amma hadisin da ya fi shafar maganarmu ta yau ba na kyanwa ba ne, na tsuntsu ne. Anas ɗan Malik yana da ƙane ta wajen uwa, ɗan Ummu Sulaim da Abu Ɗalha, yaro ƙarami da bai daɗe da yaye ba, ana kiran sa Abu Umair. Yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsu ya mutu. Manzon Allah ya shigo gidan ya ga yaro a takure, ya tambayi abin da ya same shi, aka gaya masa. Sai ya kira shi da alkunyarsa kamar yadda ake kiran babban mutum, ya tambaye shi labarin tsuntsun nasa cikin raha da lallashi. Ku tsaya ku auna wannan. Mutumin da al'umma gaba ɗaya ke wuyansa, ga wahayi, ga shari'a, ga baƙi, ga yaƙi, shi ne ya lura fuskar yaro ta sauya, ya tsaya ya bi ba'asi. Bai ce ai tsuntsu ne ba. Bai ce a kamo masa wani ba. Ya ba yaron dama ya yi maganar abin da ya rasa.

Abin sha'awa, masu tsaki irin na ɗazu ba yau suka fara ba. Tun a ƙarni na 4 na Hijira akwai masu yi wa malaman hadisi gori cewa suna ɓata tawada wajen ruwaito abin da ba shi da amfani, suna kafa misali da labarin yaro da tsuntsunsa. Sai wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, wanda ya rasu a shekara ta 335, ya zauna ya tsamo fa'idoji 60 daga wannan hadisi guda, ya tara su a ɗan littafi. Daga baya Ibnu Hajar ya kawo su a Fathul Bari, ya kuma ƙara wasu a kai.

A wancan zamanin dai, a Bagadaza, an yi wani mawaƙi makaho, Abubakar Ibnul Allaf, wanda ya zauna a fadar Halifa Mu'utadid. Yana da muzuru da ya saba da shi ƙwarai. Muzuru kuwa ya gano hanyar ɗakunan tattabarun maƙwabta, kullum sai ya shiga ya cinye 'yan shila. Da abin ya ishe su, suka yi masa tarko suka kama shi suka kashe. Duk wanda ya tashi a unguwar da ake kiwon tattabaru, a Kano ne ko Zariya ko Damagaram, ya san wannan rigima, don har gobe ana yin ta, har ta kai maƙwabta su daina gaisawa. Ibnul Allaf ya yi wa muzurunsa marsiyya mai baiti 65, wadda Ibnu Hallikan ya yaba, ya sa ta cikin mafi kyawun waƙoƙi. Abin da nake so da ita shi ne bai wanke mamacin ba. Yana kukan rashin sa, yana tuna yadda yake tsare masa gida daga ɓera da maciji, yana kuma yi masa faɗa a kan kwaɗayin da ya kai shi ya baro. Duk mai kyanwa ya san haka abin yake. Wadda kake kewa ita ce dai wadda ta sha buɗe tukunya ta janye tsokar da aka ajiye wa mai gida.

Sai dai masana tarihi sun kawo wata magana. Wasu sun ce ba muzuru yake wa kuka ba, abokinsa yake nufi, Abdullahi Ibnul Mu'utazz, yariman nan mawaƙi da ya hau gadon halifanci na kwana ɗaya tak a shekara ta 296 aka tuɓe shi aka kashe. Yi masa kuka a fili zai iya jawo wa mutum takobi, sai ya ɓuya a bayan muzuru. Ni a ganina ba dole ne a zaɓi ɗaya ba, don na ga inda biyun suka haɗu.

Akwai wata dattijuwa a unguwar da na taso. Mijinta ne ya shigo da 'yar kyanwa a aljihun babbar riga daga rumfarsa ta kasuwa, ya sa mata suna Gimbiya don yadda take yatsina in an ba ta tuwon jiya. Bayan ya rasu, an yi zaman makoki, an gama takaba, baƙi sun watse, 'ya'ya sun koma wajen aikinsu. Kowa ya yaba haƙurin Hajiya, don ba a ga hawayenta sosai ba. Shekaru suka shuɗe. Ran nan Gimbiya ta ci ɓeran da aka sa wa guba a wani gida, ta dawo ta kwanta a bayan randa, ba ta tashi ba. Hajiya ta daina cin abincin kirki, ta rame. 'Ya'ya suka bugo waya, ta ce musu hawan jininta ne ya motsa. Wata jikarta ce ta gano, ta kuwa fashe da dariya ta ce, "Haba Hajiya, don mage?" Tsohuwa ta ce mata, "Ke 'yar nan, duk gidan nan ita kaɗai ta rage a cikin abin da Malam ya shigo da shi da hannunsa yana numfashi." Mawaƙin Bagadaza ya ɓoye kukan mutum a bayan na muzuru don tsoron hukuma. Hajiya ta ɓoye kukan kyanwa a bayan hawan jini don tsoron dariyar jikoki, a ƙarƙashinsa kuma ga kukan mijinta da ba ta gama yi ba. Shi ya sa in ka ga babba ya shiga damuwa a kan dabba fiye da yadda kake tsammani, kada ka yi saurin auna hankalinsa. Ba ka san me ya tafi tare da ita ba.

Ba ina cewa mu zama mutanen Masar na zamanin Fir'auna ba. Su kam sun kai abin inda ya wuce kima. Herodotus, marubucin tarihin nan na Girka, ya ba da labarin cewa in kyanwa ta mutu a gida, mutanen gidan duka sai su aske gira, a kai gawar birnin Bubastis, kusa da Zagazig ta yau, a shafe ta da magani a naɗe a adana. Bauta ce suke yi, kuma bauta ta zama kasuwa: da masana suka haska irin waɗannan gawarwaki da na'ura, sai suka tarar da yawa ƙanana ne da aka karya wa wuya, an kiwata su ne kawai don a sayar wa masu ziyara. A 1888 wani manomi ya tono ramin da ke cike da su a Bani Hasan, a 1890 kuma aka yi gwanjon kusan tan 19 a Libaful ta Ingila, aka niƙe aka zuba a gona a matsayin taki. Faransawa suna da maƙabartar dabbobi a gefen Paris tun 1899, da kaburbura na dutse da rubutu. Wannan nasu ne. Mu ba a yi wa kyanwa wanka ko salla, ba sadakar uku ba ta bakwai, ba gina kabari, ba kururuwa. Abin da nake nema bai kai nan ba ko kusa. A Istanbul, da wata kyanwa mai suna Gli da ta shekara 16 a ginin Aya Sofiya ta mutu a watan Nuwamba na 2020, gwamnan birnin ne ya sanar, mutane suka yi alhini, aka binne ta a harabar wurin, kowa ya kama gabansa. Ba wanda imaninsa ya ragu.

To Malam mai tsaki, ga ni na zo. Na san abin da ke ranka, kuma magana ce mai nauyi. Kana cewa ana kashe mutane a ƙauyuka, ana sace su a hanya, yara na kwana da yunwa, asibiti ba magani, sannan a zo gidan rediyo ana maganar mage. Ban raina wannan ba, kuma ban haɗa ran ɗan Adam da na dabba a sikeli ɗaya ba. Wanda zai kashe dubbai a kan abincin gwangwani na kyanwa alhali maƙwabcinsa bai ɗora tukunya ba, ni ma ina da magana da shi. Amma tausayi ba tuwo ba ne da in an ɗebar wa wani sai rabon wani ya ragu. A lokacin da ake ruwan bama-bamai a Halab ta ƙasar Siriya, an yi wani mutum, Muhammad Ala'a Aljalil, da duniya ta san shi da ciyar da kyanwoyin da masu gudun hijira suka bari. Aikinsa na yau da kullum kuwa tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya ne, yana zaƙulo mutane daga ƙarƙashin gini. Mutum ɗaya ne ke yin biyun. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yaron da aka koya wa cewa jin zafin mutuwar abin da ya raina abin kunya ne, aka yi masa dariya har ya daina. Wannan darasin ba a kan mage kaɗai zai tsaya ba.

Akwai kuma wata asarar da rashin jajen ke jawo mana, wadda ba a cika lura da ita ba. A zauren mai saniya, tambayar "me ya same ta?" ita ke sa gari ya san cuta ta shigo, kowa ya je ya duba garkensa. Kyanwa kuwa tun da ba mai tambaya, abin da ya kashe ta gidan nan shi zai kashe ta gidan can, ba wanda ya koyi kome. Misali, mutane nawa ne suka san farasitamol guba ne ga kyanwa? Uwar gida ta ga ba ta da lafiya, cikin tausayi ta ɓantari ƙwaya ta jiƙa ta ɗura mata. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani yadda tamu ke yi, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta: dasashi ya sauya launi, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Shinkafar ɓera ba ɓera kaɗai take kashewa ba, har wadda ta ci ɓeran, kuma wani nau'in sai bayan kwanaki yake nuna kansa, jini na zuba a ciki ba a gani. In an garzaya wajen likitan dabbobi da wuri, irin wannan yana da makari. Fiya-fiyar da ake fesawa a ɗaki a rufe ƙofa, in ta taka ta lashe ƙafa, ta shiga cikinta. Da hunturu kyanwoyi sukan shige cikin injin mota don ɗumi, direba ya zo da asuba ya tayar. Bubbuga bonet sau biyu kafin a murɗa makulli bai ci minti ɗaya ba. Muzurun da ke ta tsuguno yana yunƙurin fitsari ba ya fita, yana kuka, mafitsararsa ce ta toshe, kuma kwana biyu zuwa uku ya isa ya kashe shi. Tsohuwar kyanwa da ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa tana ramewa, sau da yawa ƙoda ce. Asibitocin koyarwa na dabbobi suna nan a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ga na gwamnati a manyan garuruwa, kuma ba shanu da awaki kaɗai suke dubawa ba.

Ga wanda tasa ta riga ta tafi, yana ta cin kansa da "da na sani", ga abin da zan gaya masa. Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce. Mafarauciya ce, amma ƙarama, a daji akwai masu farautar ta, don haka halittarta ce kada ta nuna rauni. Sau da yawa ranar da ka gane ba ta da lafiya, ciwon ya riga ya yi nisa. Wata ma ba za ka ga gawarta ba, za ta nemi lungu ne ta shige, ka yi ta kira kana leƙa bayan rumbu da soron maƙwabta. Wannan ya fi ciwo, don kullum ka ji motsi a kan katanga sai ka ɗaga kai.

In an samu gawar, kada a jefa a juji ko a kwata. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a naɗe ta a tsumma a rufe. Tsabta ce, kuma in guba ta ci, an tsare karnuka da ungulu daga cin ta. In kuwa kafin ta mutu ta rikice tana cizo tana dalalar da miyau, kada a taɓa da hannu tsirara, a kira ma'aikacin dabbobi, domin ciwon haukan kare yana kama kyanwa. Duk wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, ya wuce asibiti a ranar.

Yaro kuma a bar shi ya tsaya a wajen binnewar in yana so. Kada a ce masa ta tafi unguwa ko ta bi wani muzuru, don zai yi ta jira a bakin ƙofa, ranar da ya gane kuma ya san an yi masa ƙarya. Ga yara da yawa wannan ce mutuwar farko da suka gani da idonsu, kuma tambayoyin da za su yi manya ne. Zai ce, "Umma, tana jin zafi yanzu?" A ce masa a'a, zafi ya ƙare. Zai ce, "Baba, zan gan ta a Aljanna?" Malamai sun yi bayanin cewa dabbobi ba a yi musu hisabi irin namu, za a tashe su a yi sakayya a tsakaninsu sannan su koma ƙasa. Amma Alƙur'ani ya yi wa 'yan Aljanna alkawarin duk abin da ransu ke so, kuma ba abin da ya gagari Allah. Wannan amsa ta ishi yaro ɗan shekara bakwai, ba ƙarya a cikinta. In washegari ya sake ɗauko zancen, a saurare shi, a tuna tare da shi ranar da ta haihu a cikin kwallar kayan Umma.

Maganar a kawo wata kuwa, a bari mai rashin ya nema da bakinsa. Wani bayan mako guda zai ce a roƙo masa, wani sai shekara, wani ya ce shi da kyanwa har abada, sai ran da wata ramammiya ta biyo shi daga masallaci. In an yi gaggawar cusa masa sabuwa, ita za ta sha haushin, don kullum ana gwada ta da wadda ba ta taɓa gani ba.

Abin da ba ya jira shi ne in ta mutu ta bar jarirai. Su ba su san makoki ba, yunwa da sanyi suka sani, kuma sanyi ya fi saurin kashe su. A sa su a kwali da tsumma a wuri mai ɗumi. Madarar shanu tana sa su zawo, don haka abin da ya fi shi ne a cigita a unguwa ko akwai kyanwa mai shayarwa, sau da yawa takan karɓe su ta haɗa da nata. In ba a samu ba, a nemi madarar da ta dace wajen likitan dabbobi, a riƙa ba su kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu zuwa uku, har da dare. Bayan kowace shayarwa a shafa musu ƙasan ciki da tsumma mai ɗumi, don ba sa iya fitsari da kashi da kansu sai uwa ta lashe su. In sun kai mako huɗu za su fara lasar abinci mai laushi a kasko.

Nan zan dakata.